SMB, NFS ko iSCSI: ta wace hanya za ka haɗa ma'ajiyar ofis a Yamai?

Duk wanda aka ɗora wa kula da kwamfutocin wani ofis a Yamai, ko na ƙungiya mai reshe a Tawa, wata rana zai tsaya gaban wannan tambaya. An sayo akwatin ajiya, wato NAS, ko an ware tsohuwar saba an cika ta da diski. To ta wace hanya sauran kwamfutoci za su riƙa shiga? Shafin saiti ya jera SMB da NFS da iSCSI, wato ƙa'idojin da kwamfuta ke bi ta yi magana da ma'ajiya, sababbin na'urori har da NVMe/TCP. Tambayar da aka fi yi ita ce wanne ya fi gudu. A layin gigabit ɗaya, wanda iyakarsa megabayit 125 a daƙiƙa, a aikace kuma 110 da ɗoriya, kowanne cikin ukun farko yana iya cika layin taf. Gudu ba ya raba wannan gardama. Abin da ke raba ta shi ne abin da ɓangarorin biyu ke shiryawa a daƙiƙar farko ta haɗuwa, da halin kowane direba, wato manhajar da ke yi wa kwamfutarka magana da ma'ajiyar, ranar da wuta ta ɗauke.

Babu ɗaya daga cikinsu da ke aiki kai tsaye da lambar da ka rubuta a fayil ɗin saiti. Lambar nan tayi ce kawai, kamar a Babbar Kasuwa: ka taya, mai kaya ya ce albarka, kuɗin da aka sallama a kai shi ne kuɗi. Direban da ke cikin kwamfutarka ya faɗi iya abin da zai ɗauka, ma'ajiyar ta faɗi nata, a tsaya kan wani adadi. Abin da ba a ambata ba kuwa yana da adadin asali da ƙa'ida ta yanke masa, kuma dole kowane ɓangare ya koma kansa.

Ma'aunin da za mu auna da shi

Na farko, wa zai taɓa bayanan? Mutane da yawa ne kan fayiloli guda, ko kwamfuta ɗaya ce ke son ƙarin diski? Wannan kaɗai yana kore rabin zaɓin.

Na biyu, me ake ciniki a kai, kuma kana iya ganin inda aka tsaya? Hanyar da ba za ka iya duba sakamakon cinikinta ba, ba za ka iya gyara ta ba ranar da ta rikice.

Na uku, kuma a ganina shi ne babba a garinmu, haƙurin direba idan rezo ya yanke. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma wuta ke yawan ɗaukewa, wannan ba hasashe ba ne. Sau da yawa sabar tana kan ondilar, NAS ɗin ma haka, amma siwic ɗin da ke tsakani an jona shi a bango kawai. Wuta ta tafi, janareta ya tashi, siwic ya sake kunnuwa. Idan mai tsohon tsarin STP ne, wanda ke hana bayanai yin zagaye a rezo, kowace ƙofa sai ta yi daƙiƙa 30 kafin ta fara wuce da kaya, ban da lokacin tashinsa shi kansa. Me direba ya yi a wannan tsakani? Ya jira, ko ya ce wa manhaja diski ya mutu?

Sai kuɗi, da sauƙin kulawa, da haɗari.

iSCSI

iSCSI ba ya ba ka fayiloli, ɗanyen diski yake ba ka. Kwamfutarka ta gan shi tamkar an soka mata shi a ciki, ita za ta tsara shi da ext4 ko NTFS. An rubuta ƙa'idarsa a RFC 3720 a 2004, aka sake tattara ta a RFC 7143 a 2014, kuma yana bin ƙofa ta 3260. A cikin huɗun, cinikinsa ne ya fi fitowa fili, domin a lokacin shiga ɓangarorin suna musayar kalmomi ne da ɗan Adam zai iya karantawa, suna da adadinsa.

Kowane suna yana da tasa hanyar yanke hukunci. MaxBurstLength, wato iyakar abin da za a turo a jere ɗaya, asalinsa bayit 262,144, kuma ƙaramin tayi ake ɗauka. FirstBurstLength, abin da za a iya turawa tun ba a ba da izini ba, asalinsa 65,536, shi ma ƙarami ake ɗauka, kuma ba ya wuce na farkon. InitialR2T, wato ko sai an jira izinin ma'ajiya kafin a turo rubutu, idan ɓangare ɗaya ya ce Yes, ya zama Yes. ImmediateData kuwa, wato haɗa bayanai da umarnin rubutu a ƙunshi ɗaya, sai duka biyun sun yarda. 

Ga yadda abin ke kasancewa. Linux mai open-iscsi, wato direbansa na iSCSI, yana zuwa da babban tayi: FirstBurstLength 262,144, MaxBurstLength 16,776,192, InitialR2T kuma No. Idan ma'ajiyar ta tsaya kan adadin asali, za a tashi da 65,536 da 262,144 da Yes. Ko ka ƙara lambobin iscsid.conf, fayil ɗin saitinsa, har su kai sama, babu abin da zai motsa, tunda ɗaya ɓangaren ne ke riƙe da ƙaramin adadi. Umarnin `iscsiadm -m session -P 3` ne zai nuna maka gaskiya, ƙarƙashin inda aka jera abin da aka sallama. Akwai kuma wani tarko da ke cin mutane: iscsid.conf yana shafar ma'ajiyar da za a gano nan gaba ne kawai. Wadda aka riga aka gano tana da nata rikodin, sai ka gyara shi da `iscsiadm -m node -o update`, ka fita ka sake shiga, sannan a yi sabon ciniki.

Wanda ya fi rikita mutane, har da masu rubuta direbobi, shi ne MaxRecvDataSegmentLength. Shi ba a ciniki a kansa, sanarwa ce. Kowane ɓangare yana faɗin girman ƙunshin da zai iya karɓa, don haka lambobi biyu ne, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, kuma ba dole su yi daidai ba. Abin da kwamfutarka ta sanar ya ɗaure ma'ajiyar, abin da ma'ajiyar ta sanar ya ɗaure kwamfutarka. Idan wani ɓangare bai ce komai ba, ba a ɗauka cewa ba shi da iyaka, 8,192 ake komawa. Direban da ya ɗauki tasa lambar ya riƙa turawa da ita, ko ya ɗauki shiru a matsayin izini, zai aika ƙunshin da ya fi ƙarfin mai karɓa, shi kuma ya datse haɗin. Alamar cutar ba ta ɓuya: shiga lafiya, ƙananan fayiloli lafiya, da an fara kwafe babban fayil sai haɗi ya yanke, ya dawo, ya sake yankewa. Mai gyara ya yi ta canza waya a banza.

Idan rezo ya tafi fa? open-iscsi yana ƙwanƙwasa ƙofa duk daƙiƙa 5, ya jira amsa daƙiƙa 5. Da ya tabbatar layi ya mutu, sai ya riƙe ayyuka har daƙiƙa 120, wato replacement_timeout. Wa'adin na cika sai ya mayar da kuskure sama, ext4 ya rufe rubutu ya koma karatu kaɗai, rumbun bayanan da ke kai ya tsaya. Minti biyu sun ishi siwic ya tashi. Ba lalle su ishi NAS ɗin da wuta ta kashe ba, musamman in ya tsaya duba diskinsa. Mai layi ɗaya ya ƙara wa'adin. Mai layi biyu da multipath, wato manhajar da ke sauya layi in ɗaya ya mutu, ya rage shi, don a yi saurin komawa ɗaya layin, ya bar jiran a hannun multipath.

Manhajar ko dala ba za ka biya ba. Linux na da open-iscsi da LIO na ɓangaren ma'ajiya, Windows na ɗauke da nasa direban tun zamanin Vista. Kuɗin yana tafiya ne a siwic na daban ko VLAN, wato sashe keɓaɓɓe a cikin siwic ɗaya, da katin rezo na biyu, da ondilar mai ƙarfi. Haɗarin iSCSI kuwa mai muni ne: ka haɗa kwamfutoci biyu kan diski ɗaya mai NTFS ko ext4, kowace tana zaton ita kaɗai ce, su yi ta rubutu kan juna har komai ya lalace, ba tare da wani gargaɗi ba. Raba diski ɗaya sai da tsari irin VMFS ko OCFS2 ko GFS2. CHAP kuma, tsarin kalmar sirrin iSCSI, tantance mai shiga kawai yake yi, bayanan a fili suke tafiya.

NFS

Kamfanin Sun ne ya fito da shi a 1984. Siga ta 3 ta zo a 1995, ta 4.1 a 2010, ta 4.2 a 2016, kuma tun daga ta 4 komai ta ƙofa ɗaya yake bi, 2049. A nan fayiloli ake rabawa, sabar ce ke riƙe da tsarin diski, saboda haka kwamfutoci goma su hau folda ɗaya babu laifi.

Cinikinsa gajere ne. Da farko siga: Linux na yau yana fara neman 4.2, in ba a samu ba ya riƙa sauka har zuwa 3. Sai rsize da wsize, girman karatu da rubutu a buƙata ɗaya. Sabar ta faɗi iyakarta, direban Linux kuma ba ya wuce 1,048,576, a ɗauki mafi girma da duka biyun ke iyawa. In ka rubuta abin da ya wuce haka, a rage shi shiru ba tare da an faɗa maka ba. Sabar Linux mai ƙaramin RAM ita ma takan rage tata iyakar da kanta. `nfsstat -m` ko /proc/mounts ne ke nuna inda aka tsaya.

Shawarata a nan, kada ka rubuta komai. Har yau akwai tsofaffin darussa a intanet masu cewa a sa rsize=8192 da wsize=8192. Wannan iyakar siga ta 2 ce. Wanda ya kwafe ta yau ya rage wa kansa girman buƙata sau 128 da hannunsa, kuma sabar ba za ta yi musu ba, tunda ƙaramin tayi kullum karɓaɓɓe ne. Haka kalmar intr da ake ta kwafewa, tun kanel 2.6.25, wato sigar zuciyar Linux, ba ta aikin komai.

Inda NFS ya yi wa sauran fintinkau a wurinmu shi ne haƙuri. Saitin asalinsa hard ne: sabar ta ɓace, direba ya jira har ta dawo, ko da awa nawa ne. A rajistar kanel za ka ga "server not responding, still trying", daga baya "OK", aiki ya ci gaba daga inda ya tsaya. A kan TCP yana jiran daƙiƙa 60 kafin ya sake gwadawa, wato timeo=600, domin a kashi goma na daƙiƙa ake lissafa shi, abin da ke sa wasu su zaci minti goma ne. Illar haƙurin ita ce duk manhajar da ta taɓa foldar sai ta sandare, har `df` da `ls`. Wannan ke tunzura mutane su koma soft, inda direba ke daina jira ya mayar da kuskure. Kada ka yi, in dai ana rubutu a wurin. Littafin umarnin NFS da kansa ya yi kashedi cewa soft na iya lalata bayanai ba a sani ba. Sandarewar minti goma ta fi fayil ɗin albashi da rabinsa ya ɓace.

Abubuwa biyu a ɓangaren sabar. Bayan ta sake tashi, siga ta 4 tana ba tsofaffin masu hulɗa daƙiƙa 90 su karɓi makullansu, sababbin buƙatu kuma su jira. Ba lalacewa ba ce, kada a sake kashe ta. Na biyu shi ne sync da async a /etc/exports. Asali sync ne, sabar ba ta cewa ta rubuta sai abu ya sauka kan diski. Da async gudu yana ƙaruwa sosai, amma sabar tana amsa "an gama" alhali kayan na cikin RAM. Wuta ta ɗauke, sun tafi, direba kuma ba shi da labarin da zai sa ya sake turowa. A garin da wuta ke wasa da mutane, async ganganci ne.

Akwai ƙananan iyakoki da ke cizo daga baya. Sabar Linux tana tashi da ƴan manhajoji masu amsa buƙatu ƙalilan, sun yi kaɗan in masu shiga sun yi yawa. Tsarin tantancewa na asali, sec=sys, ba ya ɗaukar rukuni fiye da 16 ga mutum ɗaya, sai ka ga an hana ma'aikaci shiga foldar da yake da izini. Kuma sec=sys yana gaskata duk lambar mai amfani da kwamfuta ta faɗa, don haka tsaro na gaske sai da tsarin tantancewa na Kerberos, wanda kafa shi aiki ne ja. Kuɗi babu. Windows yana da direban NFS, amma ya tsaya a siga ta 3, kuma daidaita izini tsakaninsa da Linux ciwon kai ne.

SMB

Wannan shi ne na gida ga Windows, kuma shi mafi yawan ofisoshin Yamai ke amfani da shi ko ba su san sunansa ba. Ƙofarsa 445. SMB 2 ya zo da Vista a 2006, 3.0 da Windows 8 a 2012, 3.1.1 da Windows 10. Kwamfuta ta jera sigogin da ta iya, sabar ta zaɓi mafi girma da ta sani, ta kuma sanar da iyakar karatu da ta rubutu. A SMB 2 na farko KiB 64 ne. Samba na yau, wato sabar SMB ta Linux, yana sanar da MiB 8, direban Linux kuma kan tsaya a MiB 4. A saman wannan akwai kiredi: kowane KiB 64 kiredi ɗaya yake ci, sabar ce ke rabawa, kuma da shi take taƙaita yawan buƙatun da ke kan hanya lokaci guda. `Get-SmbConnection` a Windows da `smbstatus` a sabar Samba suna nuna sigar da aka tsaya a kai.

Ko manyan direbobi suna tuntuɓe a kan adadin da aka sallama. A farkon 2024 an gyara wani kuskure a direban SMB na Linux, wanda ya shigo da kanel 6.3: idan sabar ta sanar da iyakar rubutu da ba ta rabuwa da 4,096, sai a riƙa tsallake wani yanki na fayil wajen rubutu. Sababbin sabobi ba sa sanar da irin wannan lamba, tsofaffi ne ke yi, kuma tsofaffin kaya su ne suka cika ofisoshinmu.

Babbar rigimar SMB a nan ita ce siga ta 1. Ta cikinta WannaCry ya bazu a watan Mayun 2017. Microsoft ya daina kunna ta a sababbin Windows, Samba ya rufe ta a saitin asali tun 4.11 a 2019. Amma tsohuwar na'urar hoton takardu da ke kusurwar sakatariya, mai tura sikan zuwa folda, sau da yawa ita kaɗai ta sani. Ranar da aka sabunta NAS sikan ya daina zuwa, shugaban ofis ya ce a mayar da yadda yake da, sai a buɗe wa ofis gaba ɗaya siga ta 1 saboda na'ura guda. Gara a sa na'urar ta tura ta imel ko FTP, ko a ware mata ƴar ƙaramar saba da ba ta ganin komai sai foldar sikan. Ta ɗaya gefen kuma, Windows 11 na 24H2 ya wajabta sa hannu kan kowane saƙo, tsohon NAS da aka saba shiga ba kalmar sirri sai ya ƙi buɗuwa.

Wata iyaka da ba a sani sai an ci karo da ita: Windows 10 ko 11 na tebur, in aka mayar da shi saba, na'urori 20 kawai yake karɓa a lokaci guda. Na ashirin da ɗaya sai ya jira wani ya fita. Windows Server ya cire wannan, amma da kuɗin lasisi, da kuma lasisin kowane mai shiga. Samba, ko a NAS ko a TrueNAS ko a Debian, kyauta ne kuma ba shi da wannan iyaka.

Haƙurinsa matsakaici ne. Windows yana jiran amsa kamar daƙiƙa 60, sannan ya yanke. Daga SMB 2 akwai dabarar sake kama buɗaɗɗen fayil bayan gajeriyar yankewa, amma ba ta tsallake mutuwar sabar, sai a manyan tsare-tsare masu saba biyu. Direban Linux kuwa soft ne asalinsa, akasin NFS. Ga takardun Word da Excel ba komai, a sake buɗewa. Ga manhajar lissafin kuɗi mai ajiye komai cikin fayil ɗaya da mutum biyar ke rubutu a ciki, yankewa a tsakiyar rubutu na iya lalata fayil ɗin. A tsaro kuwa shi ne gaba: sunan kowa da kalmar sirrinsa, izini kan kowace folda, da ɓoye bayanai a kan hanya tun daga 3.0. Sai dai duk foldar da ma'aikaci ke iya rubutu a ciki, ƙwayar cutar neman fansa da ta kama kwamfutarsa ma tana iyawa. A kunna hoton-baya na diski a NAS ɗin, wato adana yadda fayiloli suke a wani lokaci don a iya komawa.

NVMe/TCP

An amince da ƙa'idarsa a 2018, ya shiga kanel 5.0 a 2019, ƙofarsa 4420. Shi ma ɗanyen diski ne kamar iSCSI, da haɗarin nan na kwamfutoci biyu. Cinikinsa saƙo ɗaya ne da amsa ɗaya, inda ma'ajiyar ke faɗin MAXH2CDATA, iyakar ƙunshin da za a turo mata. In layi ya yanke, Linux yana sake gwadawa duk daƙiƙa 10 har tsawon daƙiƙa 600. Amfaninsa ba ya bayyana sai da diskin NVMe da layin gigabit 10 ko 25. A kan gigabit ɗaya da diski mai juyawa, asarar kuɗi ce.

Abin da babu mai ciniki a kai

MTU, wato girman ƙunshi ɗaya da layi ke ɗauka. Asalinsa bayit 1,500, masu son gudu su mayar da shi 9,000. Kwamfuta da ma'ajiya suna faɗa wa juna girman da za su karɓa, amma siwic ɗin tsakiya ba a tambayarsa. In shi yana 1,500, alamar irin ta ɗazu ce, ƙananan abubuwa su wuce, manya su maƙale. Gwajin layi ɗaya ne: `ping -M do -s 8972` zuwa adireshin ma'ajiyar. A kan gigabit ribar kaɗan ce, ni ba na taɓa shi.

Sai nisa. Daga Yamai zuwa Tawa ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni kusan kilomita 550 ne, kuma kowace buƙata sai ta je ta dawo. Mu ƙaddara zuwa da dawowar milisakan 30 ne. Buƙata ɗaya ta KiB 64 a kowane zagaye ba ta wuce megabayit 2 da ɗan kai a daƙiƙa, komai faɗin layin da ka biya. Ta tauraron VSAT mai nisa, inda zagayen ke kai milisakan 600, kilobayit 110 ne. A nan ne girman buƙata da yawan kiredi ke da tasiri na gaske, ba cikin ɗaki ɗaya ba.

| | SMB 3 | NFS 4 | iSCSI | NVMe/TCP |
|---|---|---|---|---|
| Abin da ake samu | fayiloli | fayiloli | ɗanyen diski | ɗanyen diski |
| Masu shiga tare | da yawa | da yawa | ɗaya, sai da tsari na musamman | ɗaya, sai da tsari na musamman |
| Girman da aka saba tsayawa | MiB 4 zuwa 8 | MiB 1 | KiB 256 a jere, ƙunshi 8,192 in ba a sanar ba | abin da ma'ajiya ta sanar |
| Jira in layi ya yanke | kamar daƙiƙa 60 a Windows | babu iyaka da hard | daƙiƙa 120 a Linux | daƙiƙa 600 a Linux |
| Duba sakamako | Get-SmbConnection, smbstatus | nfsstat -m | iscsiadm -m session -P 3 | umarnin nvme |
| Inda kuɗi ke tafiya | lasisi, in Windows Server ne | kusan babu | siwic, katin rezo, ondilar | kaya masu tsada |
| Wuyar kulawa | kaɗan | matsakaiciya | babba | babba |
| Babban haɗari | siga ta 1, cutar neman fansa | soft, async, sec=sys | diski ɗaya hannu biyu | diski ɗaya hannu biyu |

Wa zai ɗauki wanne

Ofis mai ma'aikata goma zuwa hamsin a kan Windows, takardu da hotuna da sikan: SMB 3 a kan NAS ko Samba, ba gardama. A rufe siga ta 1, kowa da sunansa, kuma kada a mayar da kwamfutar sakatare saba.

Mai sabobin Linux, ko Proxmox da ƴan VM a kai, wato kwamfutocin kwaikwayo da ke gudana cikin saba ɗaya, kuma shi kaɗai ne ma'aikacin kwamfuta a gidan: NFS 4.1 ko 4.2, hard, sync, ba tare da rubuta rsize ko wsize ba. Nan na fi karkata ga yawancin ƙananan ɗakunan saba na garin nan, domin in wuta ta dawo abubuwa sukan tashi da kansu, ba sai an kira mutum da tsakar dare ba. In layi ɗaya na TCP ya yi kaɗan, saitin nconnect da ya shigo a kanel 5.3 yana buɗe layuka har 16.

Rumbun bayanai mai nauyi, ko manhajar da ta ƙi zama sai kan diskin gida, ko VMware da VMFS: iSCSI, amma da sharuɗɗansa. Layi biyu, siwic a kan ondilar ɗaya da ma'ajiyar, wa'adin jira da aka auna da ainihin lokacin da NAS ɗin ke ɗauka kafin ya tashi, da mutumin da ya iya karanta abin da aka sallama. In ɗaya ya rasa, NFS ya fi maka kwanciyar rai. Masu Hyper-V suna da zaɓin SMB 3 ma. NVMe/TCP na banki ne ko kamfanin sadarwa mai gigabit 25 da ma'aikatan dare.

Reshen Tawa da ke son fayilolin hedkwata kuwa, ɗanyen diski bai dace da wannan nisa ba ko kaɗan, domin ƴar yankewa kaɗan ta isa ta rufe rubutu. SMB 3 ta cikin VPN zai ɗauki buɗe takarda jefi-jefi. In aikin yau da kullum ne, a ajiye musu ƙaramin NAS nasu a can, su yi aiki a kansa da rana, da dare manhajar kwafe fayiloli ta rsync ta daidaita shi da na Yamai.